Tafiya Ƙasar Istoniya

Kowace shekara, in sanyi ya gabato a arewacin Turai, akwai wata 'yar tsuntsuwa, irin tsattsewa, wadda takan baro sheƙarta ta ƙetare teku da hamada, ta zo Afirka ta sha rana. In sanyin ya wuce sai ta koma inda ta fito. Mutanen wata ƙaramar ƙasa da ake kira Istoniya suna son tsuntsuwar nan ƙwarai, har sun zaɓe ta ta zama tsuntsuwar ƙasarsu.

Ita tsattsewa ba ta neman izinin kowa, ba ta ɗaukar guzuri, ba ta sayen rigar sanyi. Amma ɗan Adam in zai yi irin wannan doguwar tafiya, tilas ne ya yi shiri. Wanda ya tashi ba shiri yana iya asarar kuɗinsa, ko a mayar da shi daga bakin iyaka, ko sanyi ya kwantar da shi a ƙasar da ba shi da kowa. Saboda haka ya kamata matafiyi ya san ƙasar tun kafin ya ɗaura kaya.

Inda ƙasar take

A arewacin Turai akwai wani teku da ake kira Tekun Baltik. A gabashin bakinsa ƙananan ƙasashe uku suke jere, wato Istoniya da Latbiya da Lituwaniya. Istoniya ce ta can arewa, ita ce kuma mafi ƙanƙanta. Rasha tana gabas da ita, Latbiya tana kudu, teku ya kewaye ta yamma da arewa. In an ƙetare ruwan arewa, tafiyar kamar kilomita 80, sai ƙasar Finlan.

Faɗin Istoniya kamar murabba'in kilomita 45,000 ne, wato kusan daidai da Jihar Kaduna. Amma mutanenta kaɗan ne. Da aka yi ƙidaya a shekarar 2021, an sami mutum wajen 1,330,000 a ƙasar duka, ba su ko kai mutanen birnin Kano ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku suna zaune a Talin, babban birnin ƙasar.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba manyan duwatsu. Tudun da ya fi kowane tsawo mita 318 ne kaɗai, suna ce masa Babban Tudun Ƙwai. Wajen rabin ƙasar kurmi ne, sauran kuwa gonaki da tafkuna da fadamu. Tana da tsibirai fiye da 2,000, amma yawancinsu ƙanana ne, ba kowa a kansu sai tsuntsaye.

Ɗan tarihin mutanen

Baƙon da ya san abin da ya sami masu masaukinsa ya fi saurin gane halinsu. Shekaru ɗaruruwa Istoniyawa suna ƙarƙashin mulkin waɗansu: mutanen Denmak, da Jamusawa, da mutanen Suwidin, da Rashawa. Ran 24 ga Fabrairu, 1918, suka yi shelar mulkin kansu. A shekarar 1940 Tarayyar Sobiyet ta mamaye su. Jamus ta karɓe ƙasar a 1941, Sobiyet ta sake dawowa a 1944. An kwashe dubban mutane aka kai su Saiberiya, da yawa ba su komo ba.

Duk da haka ba su yar da harshensu ba, ba su kuma bar waƙoƙinsu ba. Ran 23 ga Agusta, 1989, mutum wajen miliyan 2 na ƙasashen nan uku suka fito suka riƙe hannun juna, suka yi layi ɗaya tun daga Talin har Bilniyus, babban birnin Lituwaniya, nisan fiye da kilomita 600. Ba wanda ya ɗauki makami. Ran 20 ga Agusta, 1991, Istoniya ta sake samun 'yancinta. Ta shiga Tarayyar Turai a 2004. Don haka Istoniyawa ba su son a ce musu Rashawa, baƙo mai hankali kuwa yakan kiyaye wannan.

Takardun tafiya

Abu na farko da matafiyi zai nema shi ne fasfo. Dole ya zama ba a fi shekara 10 da ba da shi ba, yana da aƙalla shafi 2 da ba a buga komai a kansu ba, kuma ya zama da sauran wata 3 ko fiye kafin ya mutu, in an lissafa daga ranar da mai shi zai baro Turai.

Na biyu shi ne biza, wato izinin shiga ƙasa. Tun Disamba 2007 Istoniya tana cikin wata ƙungiyar ƙasashen Turai da ake kira Shengen. Ƙasashen nan sun yarda biza ɗaya ta isar wa baƙo ya shiga dukansu. Mutumin Nijeriya, ko Nijar, ko Gana, sai ya nemi bizar tun yana gida. A ƙasar da Istoniya ba ta da ofishin jakadanci, takan wakilta ofishin wata ƙasar Shengen ya karɓi takardu a madadinta. Matambayi ba ya ɓata, sai mutum ya bincika ya san ofishin da zai dosa.

Ana iya kai takardun tun saura wata 6 a tashi, amma kada a bari ya rage ƙasa da kwana 15. Za a nemi hotonsa, da shaidar masauki, da shaidar jirgin zuwa da na dawowa, da takardar banki mai nuna yana da abin da zai ci da kansa. Za a kuma nemi inshorar lafiya wadda za ta iya biyan Yuro 30,000 in ciwo ya kama shi a can. Akan ɗauki zanen yatsun duk wanda ya kai shekara 12. A watan Yuni 2024 aka mayar da kuɗin biza Yuro 90 ga babba, Yuro 45 ga yaron da ke tsakanin shekara 6 da 12. In an hana mutum biza ba a mayar masa da kuɗin.

Irin wannan biza ta ziyara ce, ba ta neman aiki ba. Iyakarta kwana 90 cikin kowane kwana 180, sau da yawa ma kwanakin da akan rubuta ba su kai haka ba. Wanda ya zarce kwanakinsa ana iya cin sa tara, a kuma hana shi shiga ƙasashen Shengen har wani lokaci. Wanda ya kai takardar ƙarya kuwa, ya ɓata sunansa da kansa.

Hanya

Babu jirgin saman da ke tashi daga Afirka ta Yamma ya sauka Talin kai tsaye. Sai matafiyi ya sauya jirgi a wani babban birni, kamar Santambul ta ƙasar Turkiyya, ko wani birnin Jamus. In an haɗa da zaman jira, tafiyar takan ci yini guda ko dare guda. Filin jirgin Talin kusa yake da gari, bai fi kilomita 4 ba daga tsakiyar birni.

Akwai dokoki biyu na kwastan da ya kamata a sani. Ba a yarda matafiyi ya shigo da nama ko madara daga wajen Tarayyar Turai ba, don gudun cututtukan dabbobi. Wato kilishi da dambun nama da man shanu sai a bar su gida, in ba haka ba a karɓe su a bakin ƙofa. Kuma wanda ke ɗauke da tsabar kuɗi da suka kai Yuro 10,000 dole ya faɗa wa ma'aikata.

Da an sauka sai a gyara agogo. Lokacin sanyi Istoniya tana gaban Nijeriya da awa 1, lokacin zafi kuwa da awa 2.

Sanyi da hasken rana

Ba abin da ya fi ba baƙo mamaki kamar yanayin ƙasar. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi yakan yi tsanani har ruwa ya daskare ya zama ƙanƙara. Wani lokaci ma'aunin zafi yakan sauka digiri 20 ƙasa da sifiri. Sanyin hunturun ƙasar Hausa, in an gwada shi da wannan, wasan yara ne. Dusar ƙanƙara takan rufe ƙasa fari fat kamar an baza auduga. A shekarar da sanyi ya yi yawa, bakin teku ma yakan daskare.

Mai zuwa a wannan lokaci sai ya sa tufafi bisa tufafi: 'yar ciki mai ɗumi, da rigar ulu, da babban kwat wanda iska ba ta ratsa shi. Ya nemi hular da ke rufe kunne, da safar hannu, da takalmi mai kauri wanda ba ya santsi. Yatsu da kunnuwa da hanci su sanyi yake fara kamawa, in aka bar su a buɗe suna iya lalacewa. Cikin gidaje da motoci kuwa akwai ɗumi, sai a tuɓe kwat a rataye.

A watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 9 na safe, kafin ƙarfe 3 da rabi ta faɗi. Yinin duka awa 6 ne. Saboda yawan duhu, doka ta ce mai tafiya a ƙasa a gefen hanya da dare ya rataya wani ɗan abu mai ƙyalli a rigarsa, don fitilar mota ta haska shi direba ya gan shi. Ana sayar da shi a kantuna da araha.

A watan Yuni sai abin ya juya. Rana takan fito wajen ƙarfe 4 na asuba, ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 11 na dare, ko bayan ta faɗi ma sararin sama ba ya yin duhu sosai. Dalili kuwa shi ne duniya a karkace take kewaya rana. Rabin shekara arewacinta yana fuskantar rana, rabin shekara yana kau da kai, Istoniya kuwa tana can kusa da ƙarshen arewa. Daga Yuni zuwa Agusta ne lokacin da ya fi daɗin ziyara, ba zafi ba sanyi, sai dai a riƙe laima don ruwan sama.

Kuɗi da zirga-zirga

Tun 1 ga Janairu, 2011, kuɗin ƙasar Yuro ne. Kusan ko'ina ana biya da katin banki, har a ƙananan kantuna. Ba a ciniki a kanti, abin da aka rubuta jikin kaya shi ake biya. Bakin soket ɗin lantarkinsu rami biyu ne zagayayyu, saboda haka mai zuwa daga Nijeriya ya nemi ɗan mahaɗin da zai shiga, in ba haka ba wayarsa ta mutu ba caji.

Istoniyawa sun yi nisa wajen aiki da intanet. Tun 2005 suke iya jefa ƙuri'ar zaɓe daga gida ta kwamfuta. Kamfanin Bolt, wanda ake kiran mota da shi ta waya a biranen Afirka da yawa, a Talin aka kafa shi a 2013.

Cikin birnin akwai bas-bas, akwai kuma taragon lantarki mai bin dogo a tsakiyar titi. Tun 2013 mazauna Talin da aka rubuta sunansu suke shiga kyauta, amma baƙo sai ya biya. Kada ya ga mutane suna shiga ba su ba da kuɗi ba ya ce shi ma haka zai yi, gama masu duba tikiti sukan shigo ba zato, su ci tarar wanda bai biya ba. Motoci suna bin hannun dama, suna kunna fitila ko da rana. Mai tafiya a ƙasa ba ya ƙetare titi sai fitila ta nuna kore.

Daga Talin jirgin ƙasa yakan kai mutum Tartu, birni na biyu, cikin awa 2 da 'yan kai. Jirgin ruwa yakan kai shi Helsinki, babban birnin Finlan, cikin awa 2, ba sai da sabuwar biza ba, amma ya riƙe fasfonsa. Gabas kuwa, a garin Narba, kogi ne kaɗai ya raba Istoniya da Rasha, bizar Shengen ba ta aiki a ƙetarensa. In wani hatsari ya auku, ko gobara, ko ciwo, lambar da ake bugawa ita ce 112, kyauta ne.

Abinci da ibada

Abincin da ba a raba Istoniyawa da shi shi ne baƙin burodi, wanda ake yi da wani hatsi ɗan'uwan alkama mai jure sanyi. Suna cin dankalin Turawa da kabeji da ƙananan kifayen teku. Suna da wani gari da suke kira *kama*, na soyayyen hatsi iri-iri da wake, ana dama shi da nono a sha. Bahaushe in ya gan shi sai ya tuna da fura. Ruwan famfo mai tsabta ne, ana shan sa.

Naman da suka fi ci naman alade ne, suna ce masa *sealiha*. Musulmi sai ya riƙe kalmar nan, ya duba takardar da ke jikin abinci, ko ya tambaya kafin ya ci. Kifi da ƙwai da kayan lambu ba su da wuyar samu. Musulmi kaɗan ne a ƙasar, amma akwai cibiyar Musulunci a Talin, kusa da filin jirgin sama, inda ake sallar Juma'a. Alƙibla a can ba gabas take ba kamar a ƙasar Hausa, tana kudu ne, an ɗan karkata gabas, domin Makka tana kudu da su. Lokutan salla kuma suna sauyawa ƙwarai tsakanin sanyi da zafi, sai baƙo ya nemi jadawalin garin.

Harshe da ladabi

Harshen Istoniyawa bai yi kama da Turanci ko Rashanci ba, ɗan'uwan harshen Finlan ne. Masu jin sa a duniya duka ba su fi miliyan 1 da 'yan kai ba, shi ya sa suke tattalinsa kamar ƙwai. Matasa da yawa suna jin Turanci, akwai kuma masu magana da Rashanci, musamman a Talin da gabashin ƙasar. Amma baƙon da ya koyi ko da kalma huɗu zai ga fuska ta sake. *Tere* shi ne sannu, *aitäh* na gode, *palun* don Allah, *head aega* kuwa sai wani lokaci.

Mutanen ba su da yawan magana. Gaisuwarsu gajeriya ce, ba a tambayar gida da iyali da gajiya. Baƙo kada ya ɗauka fushi ne ko wulaƙanci, al'adarsu ce, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ba a ɗaga murya cikin mota, ba a tsallake layi, ba a yar da shara a titi. In an yi alkawarin ƙarfe 4, to, ƙarfe 4 ɗin ake nufi. Wanda aka gayyata gida yakan tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya kuma riƙo 'yar tsaraba.

Abubuwan gani

Tsohon birnin Talin yana da ganuwa ta dutse da hasumiyoyi masu jan rufi, da lunguna da aka shimfiɗe da duwatsu. Dā can babbar kasuwa ce ta fataken teku. A shekarar 1997 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. A dandalin tsakiyarsa akwai wani kantin magani da ake sayar da magani a cikinsa tun 1422, har yanzu bai rufe ba. A kan tudun birnin majalisar ƙasa take, mai wakilai 101, da wata doguwar hasumiya inda akan ɗaga tutar ƙasar kowace safiya, shuɗi da baƙi da fari.

A Tartu akwai jami'ar da aka kafa a 1632. A garin ne kuma aka fara babban bikin waƙa a 1869. Yanzu a Talin ake yin sa, galibi bayan kowace shekara 5, mawaƙa wajen 30,000 su tsaya wuri ɗaya su rera waƙa da murya ɗaya. Daren 23 ga Yuni kuwa mutane sukan fita ƙauye su hura babbar wuta, su kwana hira, suna murnar dogon yini.

Mai son daji sai ya tafi gandun Lahema, gabas da Talin, wanda aka keɓe a 1971. An shimfiɗa katako bisa fadama don mutane su bi ba su nutse ba, kada kowa ya sauka daga kansa. Lokacin zafi akwai kaska cikin ciyawa, cizonta yana iya jawo ciwo mai tsanani. Riga-kafi ya fi magani: a sa dogon wando, in an komo masauki a duba jiki.

Wanda ya cika takardunsa da gaskiya, ya shirya wa sanyi, ya girmama al'adar masu gari, ya kuma baro ƙasar kafin kwanakinsa su ƙare, zai komo gida lafiya da labari mai daɗi, ƙofa kuma tana buɗe gare shi wata rana. Ko tsattsewa ma ta san lokacin zuwa, ta san lokacin komawa.

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙasashe uku ne ke jere a gabashin Tekun Baltik?
2. Me ya faru ran 23 ga Agusta, 1989?
3. Faɗi abubuwa huɗu da ake nema wurin mai neman biza.
4. Don me ba a shiga da kilishi Istoniya?
5. Me ya sa yini yake gajarta a Disamba, ya yi tsawo a Yuni?
6. Ina alƙibla take ga mutumin da ke Talin? Don me?
7. In ƙarfe 12 na rana ta yi a Kano a watan Yuli, ƙarfe nawa ne a Talin?
8. Rubuta jimla biyar a kan abin da baƙo ya kamata ya sani in zai zo garinku.